Haɗa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan: inda ya kamata jika ta tafi, da inda ake asararta

Matashin da ya shafe shekara yana tara jika-jika don ya mallaki kwamfutar buga wasa yakan shiga shago da tambaya guda a bakinsa: Core i nawa ce? Mai shago ya ce i7, sai fuska ta washe, a ƙirga kuɗi, a ɗaure akwati a bayan kabu-kabu. Sai an isa gida an kunna wasan ƙwallo ake ganin ƴan wasa na tafiya kamar masu ɗingishi, hoto na tsayawa yana ci gaba. Mai shagon bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Sai dai ta 2012 ce, kuma babu katin hoto a cikin akwatin ko kaɗan.

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, masu sayen irin wannan kwamfuta ba masu wasa kaɗai ba ne. Akwai mai ɗakin wasa da yara ke biya su buga, akwai mai haɗa bidiyon biki da suna, akwai ɗalibin da ke zanen gini. Ga waɗannan, kwamfutar jari ce, kuma kuskure guda wajen saye na iya cinye ribar watanni. Kwamfutar tebur kuwa ba abu ɗaya ba ce. Kaya ne bakwai ko takwas da ake saye daban-daban a haɗa: firosesa, babban allon da komai ke hawa kansa wanda masu gyara ke kira kart mer, RAM, ma'ajiya, katin hoto, akwatin wuta, da gidan da za a zuba su. Mai kuɗi kaɗan ba zai samu mafi kyau a kowanne ba. Dabarar ita ce sanin inda za a matse hannu da inda matsewar ke jawo asara.

Kafin komai, akwai gaskiyar da masu sayar da kwamfuta ba su cika faɗa ba. Wanda burinsa kawai ya buga ƙwallo da abokai da yamma, PlayStation 4 na hannu ya fi masa sauƙin kuɗi da sauƙin wahala. Kwamfuta tana biyan kuɗinta ne idan za a yi aiki da ita bayan wasa, ko kuma idan mutum na son abin da zai riƙa ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, yau RAM, baɗi kati, ba tare da ya jefar da sauran ba.

Wasan ne ke yanke hukunci

Kowane wasa yana zuwa da jerin abin da yake buƙata, kuma kamfanin da ya yi shi yana wallafa jerin kyauta. Jeri biyu ne: mafi ƙarancin abin da zai sa wasan ya tashi, da abin da kamfanin ya ba da shawara. EA Sports FC 24, wato wasan da aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna a 2023, ya nemi aƙalla kati GTX 1050 Ti ko RX 570, RAM giga 8, da fili giga 100 a ma'ajiya. Shawarar kamfanin kuwa GTX 1660 ce ko RX 5600 XT da RAM giga 12. Jerin farko na nufin wasan zai buɗe, ba wai zai yi daɗi ba. Na biyun ya kamata mai saye ya sa a gaba.

Wasanni sun bambanta ƙwarai. eFootball na kamfanin Konami, Valorant da tsohon GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015 ba su da nauyi sosai. Call of Duty da manyan wasannin shekarun nan suna cin kati da ma'ajiya ba tausayi. Don haka wanda ya rubuta sunayen wasanni uku da zai fi bugawa, ya duba buƙatunsu, ya riga ya yi rabin aikin. Sauran rabin shi ne ya amince cewa da kuɗi kaɗan, girman hoton da ake nema shi ne 1080p, da hotuna 60 a kowane sakan. Maganar 4K ta masu wani aljihu ce.

Katin hoto, inda kuɗin ya kamata su fi yawa

Katin hoto, ko kart girafik, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a wasa. A cikin kowace jika 100 da aka ware wa akwatin, 35 zuwa 40 sun cancanci tafiya wurinsa. A nan ne kuma aka fi yaudarar mutane.

Yaudara ta farko ita ce ta giga. Ana nuna wa mutum kwali mai rubutun 4 GB da manyan haruffa, a ciki kuwa GT 730 ne ko GT 710, katunan da aka yi su don fitar da hoto a ofis. Gigar da ke kan kati wurin ajiya ne kawai, ba ƙarfi ba ne. Babbar rumbu ba ta sa gona ta yi albarka. Abin dubawa shi ne sunan samfurin. A wurin Nvidia, lambobi biyun farko na nuna zubi, biyun ƙarshe na nuna matsayi: 1650 zubi na 16 ne matsayi na 50, 3060 zubi na 30 ne matsayi na 60. Duk abin da matsayinsa ya gaza 50 ba na wasa ba ne. AMD na da nata tsarin da ke farawa da RX.

Katunan da suka fi yawo a hannun masu ƙaramin ƙarfi sanannu ne. GTX 1060 mai giga 6 ya fito a 2016. RX 580 mai giga 8 ya fito a 2017 a kan dalar Amurka 229, kuma har yanzu yana ɗaukar wasanni da yawa a 1080p, amma yana shan wuta har wat 185 kuma yana zafi. GTX 1650 na 2019 bai kai shi ƙarfi ba, sai dai wat 75 kacal yake ci, kuma yawancin samfurinsa ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. GTX 1660 Super, shi ma na 2019, yana tsakiya da wat 125. Wanda hannunsa ya kai RX 6600 na 2021, mai giga 8 da wat 132, ya samu abin da ya fi dacewa da wannan yanayi: ya zarce RX 580 nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi ƙarancin shan wuta. RTX 3060 mai giga 12 ya ɗan fi shi, yana kuma da amfani ga masu haɗa bidiyo, amma kuɗinsa sun fi yawa.

Akwai dalilin da ya sa RX 580 ya cika kasuwanni da araha. Shekaru da dama ana amfani da dubban irinsa wajen haƙar kuɗin intanet, musamman Ethereum, suna aiki dare da rana ba hutu. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙarsa da katin hoto ta ƙare, sai aka zubo katunan kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau. Wasu fankokinsu sun gaji, wasu kuma an sauya musu manhajar ciki don haƙa ba a mayar ba. Akwai kuma wani da ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar Sin, wanda a gaskiya ƙarfinsa na RX 570 ne. Ba mugun kati ba ne, amma bai kamata a biya masa kuɗin cikakken 580 ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na jabu. An daɗe ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa suna a manhaja ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Alama guda mai sauƙi: idan katin da ake cewa na zubi na 10 ne ko sama yana da shuɗin ramin VGA a bayansa, a yi hattara, domin katunan wasa na wannan zubi sun daina fitar da irin wannan hoto. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, har takan rubuta gargaɗi idan ta gane na jabu ne. Mai sayen kati na hannu ya kamata ya sa a kunna shi a gabansa, a buɗe GPU-Z, a bar wasa ko manhajar gwaji irin FurMark ta yi aiki minti 15 zuwa 20. Idan aka ga ɗigo-ɗigon launi, layuka, ko allon ya yi baƙi, ciniki ya ƙare. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba da amsa.

Firosesa: shekarar haihuwa ta fi suna

Komawa ga i7 ɗin da aka fara da ita. Sunayen i3, i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi guda, ba ma'aunin ƙarfi na har abada ba. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin shekaru: i7-3770 zubi na 3 ce, ta 2012, i3-12100F zubi na 12 ce, ta farkon 2022. A wasa, wannan i3 ɗin ta bar waccan i7 ɗin a baya sosai, duk da cewa dukansu zuciya huɗu gare su. Shekara goma a harkar nan zamani ne guda.

Ga mai kuɗi kaɗan, hanyoyi biyu ne suka fi ma'ana. A gefen Intel akwai i3-12100F ko i5-12400F mai zuciya shida. A gefen AMD akwai Ryzen 5 3600 ta 2019 da Ryzen 5 5600 ta 2022, kowacce zuciya shida, wat 65. Duk waɗannan za su ciyar da RX 6600 ko RTX 3060 ba tare da sun riƙe masa ƙafa ba. Ƙara kuɗi a sayi i7 ko Ryzen 7 sannan a haɗa ta da ƙaramin kati, tamkar ɗaura wa doki amalanken jaki ne.

Haruffan ƙarshe ma suna da magana. F a wurin Intel na nufin firosesar ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. Ryzen 3600 da 5600 su ma haka suke, ko da yake ba su da harafin. G a wurin AMD kuwa na nufin akwai ɗan katin hoto a cikinta. Ryzen 5 5600G ta 2021 tana iya ɗaukar wasanni marasa nauyi idan an rage kyan hoto, shi ya sa ta zama mafita ga wanda kuɗinsa ba su kai kati ba yanzu: ya haɗa kwamfuta, ya fara aiki da ita, ya sayi kati bayan wata shida. Farashin wannan sauƙi shi ne idan katin ya zo, 5600G ba ta kai 5600 gudu ba, domin ma'ajiyar cikinta ta gaggawa rabi ce, mega 16 maimakon 32.

Wani abin da ya sauya lissafin kayan hannu shi ne Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa a hukumance tana karɓar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, da Ryzen daga 2000 zuwa sama, tare da wani tsarin tsaro mai suna TPM 2.0. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, masu gyara sun san su, amma wasu wasannin intanet irin Valorant suna duba wannan tsaro kafin su buɗe a Windows 11. Kwamfutar zubi na 6 ko na 7 da ake sayarwa da arha a yau, wannan na cikin dalilan arharta.

Babban allo da RAM

Babban allo ba ya ƙara wa wasa gudu. Aikinsa shi ne ya karɓi firosesa, kuma kowace firosesa da gurbinta. Ryzen 3600, 5600 da 5600G suna hawa gurbin AM4, wanda AMD ta fito da shi a 2016, a kan alluna irin B450, A520 da B550. Intel zubi na 12 na hawa LGA1700, a kan H610 ko B660. Ba sa musanya. Tsohon B450 da ya daɗe a shago yana iya ƙin tashi da Ryzen 5600 har sai an sabunta masa manhajar BIOS, don haka ya fi kyau a sayi allo da firosesa wuri guda a ga sun tashi tare. A AM4 siraran ƙafafun suna jikin firosesa, a LGA suna cikin gurbin allo. Ko ta wane gefe, a duba su da fitilar waya kafin a biya, domin ƙafa guda da ta lanƙwashe ta isa ta hana komai aiki.

Ana kuma tallata wasu haɗe-haɗe daga Sin, allo X79 ko X99 da tsohuwar firosesa Xeon da RAM, duka a farashi mai jan hankali. Suna aiki, wasu ma sun daɗe suna amfani da su. Amma firosesocin na tsofaffin manyan kwamfutocin kamfanoni ne, allunan kuwa sau da yawa da sassan da aka ciro daga wasu allunan aka yi su, kuma Windows 11 ba ta san da zamansu ba. Wanda kwamfutar ce abincinsa, gara ya kauce.

RAM giga 16 ita ce daidai a yau. Giga 8 na tayar da wasa amma tana shaƙewa da zarar an buɗe wani abu a gefe. Muhimmin abu shi ne a sayi sanda biyu masu giga 8 maimakon guda mai 16, domin firosesa na ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. Ga mai 5600G wannan ba zaɓi ba ne, tilas ne, tunda hotonta daga RAM yake ci. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma ta kwamfutar hannu gajera ce ba ta shiga ta tebur. AM4 DDR4 kaɗai yake karɓa. Allunan LGA1700 kuwa wasu DDR4 ne wasu DDR5, sai a karanta kwali. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Wannan ya ƙara wa RAM ta hannu daraja, kuma sa'a ita ce tana cikin kayan da ba su cika lalacewa ba. Manhajar MemTest86 na tabbatar da lafiyarta.

Batun ma'ajiya gajere ne. A sa Windows da wasanni a SSD, ba a tsohon faifai mai juyawa ba. Giga 500 ne mafi ƙaranci, tunda wasa guda na iya cin 100. Tera guda ya fi kwanciyar hankali. SSD mai waya irin SATA na karanta kusan mega 550 a sakan, NVMe mai kama da ɗan sanda na ninka haka sau da yawa, amma a lokacin buɗe wasa bambancinsu sakanni kaɗan ne. Wanda ya fi arha daga kamfanin da aka sani, shi za a ɗauka. Idan na hannu ne, CrystalDiskInfo na nuna awowin da ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa.

Akwatin wuta, da wutar da ke shigo masa

Ga wurin da matse hannu ke ƙona gida. Akwatin wuta, alimantasiyo a bakin masu gyara, shi ke karɓar bolt 220 daga bango ya mayar da shi 12, 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Ba ya ƙara kyan hoto, ba a ganinsa, shi ya sa mutane ke barinsa a ƙarshe su saye shi da canjin da ya rage. Amma idan RAM ta mutu, ita kaɗai ta mutu. Idan akwatin wuta mara kyau ya mutu, yakan tafi da allo da kati, wani lokaci har da ma'ajiya.

Akwatunan da ke zuwa kyauta a cikin gidan kwamfuta mai arha, masu rubutun 500W amma nauyinsu bai kai na buredi ba, ba sa ba da abin da aka rubuta. Abin dubawa shi ne takardar da ke gefe, layin +12V, domin daga nan kati da firosesa ke sha. Akwati nagari mai wat 550 zai nuna kusan duka ƙarfinsa a wannan layi. Tambarin 80 Plus na nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, saura ne ke zama zafi. Ba shaidar inganci ba ce ɗari bisa ɗari, amma rashinsa alama ce. Kamfanoni irin Corsair, Seasonic, be quiet!, Cooler Master da FSP sun daɗe a harkar. AMD ta ba da shawarar wat 450 ga RX 6600 da 500 ga RX 580, Nvidia kuma 550 ga RTX 3060. Ke nan nagari mai 550 ya wadatar da duk abin da aka ambata a nan.

Ramin da kati ke shiga a allo wat 75 yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci yana buƙatar waya mai baki 6 ko 8 kai tsaye daga akwatin wuta. Idan akwatin ba shi da ita, akan ga masu gyara sun jona wata ƴar waya daga bakin SATA. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, mai baki 8 kuwa har 150. Irin wannan jonin ne ke narkewa. Haka kuma tsofaffin akwatunan da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka soka shi a bango a nan, ƙara guda za a ji.

Duk wannan kafin a zo ga wutar kanta. Kaso mai yawa na lantarkin da Nigelec ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Mutane ba su manta da yadda aka yanke shi a Agustan 2023 ba, har zuwa Maris 2024. Ko a lokacin da komai ke daidai, bazara na zuwa da ɗauke wuta da raunin kuran. Ɗaukewar ba ita ce ta fi haɗari ba, dawowar ce, lokacin da wutar ke shigowa da ƙarfi. Saboda haka kuɗin na'urar riƙe wuta, ondiler, cikin kuɗin kwamfuta suke, ba ƙari ba ne. A nan ma akwai tarko: ana rubuta ƙarfinta da VA, ba da wat ba. Mai 650 VA kusan wat 360 zuwa 390 take ɗauka. Kwamfuta mai Ryzen 5600 da RX 6600 tare da allon kallo na iya doshi wat 300 a tsakiyar wasa, ke nan an kusa kai ta bango. Mai 1000 VA ta fi dacewa. Aikinta ba ci gaba da wasa ba ne, ba da mintunan da za a kashe kwamfuta cikin natsuwa ne. Batirin cikinta kuma zafi na rage masa kwana, don haka a sa ran canza shi. Inda wuta ke yawan rauni, sai an haɗa da regilater.

Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa. Alamar ita ce jin ɗan tsiri-tsiri idan an taɓa ƙarfen akwatin. Mai gyaran lantarki na iya kafa sandar ƙasa da kuɗi kaɗan. Da damina kuwa, idan hadari ya taso da tsawa, babu kariyar da ta kai zare waya daga bango.

Lissafin faktir ma yana da kyau a yi shi tun farko. Kwamfutar da ke cin wat 300, awa biyar a rana, kilowat 1.5 ke nan kullum, 45 a wata. Mai ɗakin wasa da ke da guda biyar sai ya ninka. A nan ne bambancin wat 50 tsakanin RX 580 da RX 6600 ke zama kuɗi, balle ga mai aiki da hasken rana da batir.

Zafi da ƙura

Gwaje-gwajen da ake gani a bidiyon Turai ana yin su ne a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. A watan Afrilu da Mayu, ɗaki mai rufin kwano a Tawa ko Yamai na haura 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kayan ciki ma sun ƙara shi. Firosesa idan ta doshi digiri 90 zuwa 100, gwargwadon irinta, takan rage gudu don ta tsira, wasa kuma ya fara sarƙewa. Shi ya sa gidan kwamfuta mai gilashi a gaba da fitilu masu launi, wanda ya fi ɗaukar ido a shago, shi ne mafi rashin dacewa. Wanda gabansa raga ce, da fanka biyu masu shigo da iska da guda mai fitarwa a baya, ya fi shi amfani, sau da yawa ma ya fi shi arha. Fankar da ke zuwa cikin kwalin Ryzen 5600 ko i3 tana aiki, amma a wannan yanayi ƙaramar hasumiyar sanyaya mai bututun tagulla kuɗi ne da ba a yi asararsu ba. Sanyaya da ruwa kuwa ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

Da hunturu ƙura ce ke karɓar aiki. A ɗora akwatin kan tebur, kada a bar shi a ƙasa. A wanke ragar tace ƙura a kai a kai, a busa cikin da abin hura iska, ana riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. Kati ko firosesa na hannu kuma, a sauya musu man da ke tsakaninsu da ƙarfen sanyaya, domin yakan bushe da shekaru.

Hanyar tsohuwar kwamfutar ofis

Mafi arhar hanya ita ce a sayi ɗaya daga kwamfutocin ofis da ke shigowa daga Turai, Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, a ƙara mata RAM, SSD da kati. Mai i5-8500, zuciya shida ta 2018, tana karɓar Windows 11 kuma ta isa wasanni da yawa. Matsalar ita ce akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai, ba a cika iya musanya shi da na kasuwa ba. Don haka sai katin da ba ya neman wayar wuta, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6 na 2024, mai wat 70. Idan gidan siriri ne, sai an nemi gajeren kati na musamman, wanda ya fi wuyar samu. Mai tsayin ya fi. Wannan hanya tana da rufi: ranar da aka so babban kati, sai dai a sake sabon gini.

Allon kallo mai inci 22 ko 24, 1080p, mai ramin HDMI ya wadatar. Mai 144 Hz yana da amfani ne kawai idan katin na iya fitar da hotuna da yawa haka, kamar a Valorant. Talabijin ma na yi, idan an sa ta a yanayin wasa don rage jinkiri. Kilabiyen da aka saba da shi a nan AZERTY ne, yawancin wasanni kuwa an tsara su a kan QWERTY, inda ake tafiya da W, A, S, D. A AZERTY wurin ya koma Z, Q, S, D, kuma ana gyara shi a saitin wasa ba sai an sayi wani ba.

Wajen ciniki, sefa na da wata fa'ida: darajarta a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane guda. Kayan da ake sayarwa yuro 100 a Faransa kusan jika 66 ke nan, kafin kuɗin jirgi, duwan da ribar mai shago. Wanda ya duba farashin Turai a wayarsa ya san daga inda zai fara tayi. Kayan da suka biyo ta Kano, Legas ko Dubai kuwa, komai arharsu, mayar da su idan sun lalace abu ne mai wuya, shi ya sa garantin sati biyu a rubuce daga shagon da ke cikin gari, da lambar jikin kayan a kan takarda, ya cancanci ƴan jikunan da aka ɗora. Firosesa, RAM da gidan kwamfuta ana iya sayensu na hannu ba fargaba. Kati da allo, sai an gwada. Akwatin wuta da SSD, sabo ya fi.

Ranar haɗawa, masu gyara da suka ƙware sukan fara tayar da allo, firosesa, RAM da kati a kan kwalin allon, kafin a ɗaure komai cikin gida, don a gane mai matsala tun ba a sha wahalar kusoshi ba. A taɓa ƙarfe kafin a taɓa kayan, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi. Idan an kunna fankoki na juyawa amma allo ya ƙi nuna komai, kafin a koma shago da faɗa a duba abu biyu: ko RAM ta zauna har ta yi ƙara a gefe biyu, da kuma ko wayar HDMI tana jikin katin hoto, ba a ramin babban allo da ke samansa ba.